ANZA BA ABIN KUNYA BA CE

Ƴan'uwa, lokacin sassabe ya matso, don haka muna da magana da ku a kan anza.

Kowa ya san ta. Daga Tanut zuwa Dakoro har arewacin Tawa, in bazara ta ƙone ciyawa ƙurmus, za ka hango ta kore shar, don saiwarta ta yi zurfi, ba ta jiran ruwan bana. Ƴaƴanta, dilo, suna nuna a farkon damina, daidai sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa. A yunwar 1973, da ta 1984, da ta 2005, gidaje nawa ne suka kai kaka da ita? Amma har yau mace tana ɓoye tukunyar anza kada maƙwabta su ce gidanta ya ƙare, miji kuma yana sa mata gatari a gona.

Wannan hali koya mana shi aka yi. Dokar daji ta Faransa ta 1935 ta sa itace a hannun hukuma, aka kuma matsa mana da noman gyaɗa, har manomi ya ɗauka gona mai kyau ita ce wadda aka share tas. Iska ta samu hanya, ta kwashe ƙasa. Tun 1983 manoman Maradi suka fara barin toho a gonakinsu, kuma hatsi bai ƙi fita ba.

To, ga aiki. Wanda ya iske anza a gonarsa ya bar ta, ya rage rassa kawai. Mai son shuka ya ɗauki ƙwaya daga dilon da ya nuna yanzu, ya binne ta nan take inda za ta zauna. In ta bushe a ajiye, ta mutu. Ya kafa sanda a wurin saboda masu noma da yara. Ba ta da saurin girma, sai an yi shekaru kafin a ci, wannan gaskiya ne, amma ba ta neman ban ruwa ko taki.

Gargaɗi ɗaya: ƙwayar tana da ɗaci mai cutarwa. A jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa, har ɗacin ya fita sarai, sannan a dafa. Ganyenta kuma tsofaffi suna shimfiɗa shi a rumbu saboda ƙwari.

Magatakardan kowane reshe ya karanta wannan ga jama'a ranar kasuwa, kuma a kira mata su zo, su ne suka san jiƙon.