A Rubuta Sunan Kowa Idan An Haɗa Kuɗin Sayen Shago

Edita,

Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin 'yan uwana ƙananan 'yan kasuwa da ke haɗa kuɗi su sayi fili ko shago, amma su bari a rubuta takarda da sunan mutum guda wai don an yarda da juna.

Jama'a, amana daban, takarda daban. Ranar da mai sunan ya rasu, magada takarda za su duba, su sa shagon cikin gado. Kafin nan ma ga maganar haraji. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta yafe haraji a kan Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara, sannan ta ɗora kashi 15 cikin ɗari a kan Naira miliyan 2.2 da ke biye. A ce mutum uku suna samun ribar haya ta Naira 2,100,000. Idan an rubuta kason kowa, kowannensu 700,000 ke nan, in ba shi da wani samu ba zai biya ko kwabo ba. In ko da sunan mutum ɗaya ne, Naira 195,000 za ta hau kansa.

Sai kuma masu rage farashi a takardar ciniki don gudun kuɗin hatimi. Wannan saɓa doka ne, kuma ranar da za ka sayar, ribar da takarda za ta nuna sai ta fi ta gaskiya, harajinta ya ƙaru. In rigima ta kai kotu, abin da aka rubuta alƙali zai fara dubawa.

Shawarata, a je wurin lauya a rubuta abin da kowa ya zuba da kasonsa, a sa shaidu, a biya kuɗin hatimi. Filin birni kuma a nemi amincewar gwamna kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada. Ina kira ga shugabannin kasuwanni su wayar wa mambobinsu kai. Rigakafi dai ya fi magani.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan kasuwa,
Kantin Kwari, Kano.