Maraɗi: Rumbu Cike, Yara Na Tsumburewa

Duk wanda ya bi kwalta daga Gidan Runji ya ratsa Maraɗi ya nufi Cadawa, Agye da Gazawa a lokacin kaka, zai ga abin da ke faranta ran ɗan kasuwa: damman hatsi jibge a bakin gonaki, buhunan aya da riɗi ana ɗora wa manyan motoci, waɗansu su nufi Yamai, waɗansu su bi ta Ɗan Isa su tsallaka Jibiya har Kano. Wannan yanki ne ake yi wa kirari da rumbun Nijar. A cikin wannan rumbun ne kuma binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke gudanarwa tare da ma'aikatar lafiya ya sha nuna cewa fiye da rabin yaran da ba su kai shekara 5 ba sun tsumbure. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar kashi 30 cikin 100 a matsayin matakin da ya yi muni ƙwarai. Jihar Maraɗi ta yi shekaru tana zaune sama da 50, ba tare da wani minista ya rasa barcinsa ba, balle kujerarsa.

Dalilin wannan kwanciyar hankali ba ɓoyayye ba ne. Tamowa iri biyu ce. Akwai wadda ke ƙanjamar da yaro, ko ta kumbura masa ƙafafu, a ɗaura masa ma'aunin dantse ya faɗa cikin ja, ƙasa da milimita 115. Ita ce ke jawo masu ɗaukar hoto daga Turai, ita ce ke kunyata gwamnati, don haka ita ake ƙirgawa. Ɗayar kuwa ba ta da hayaniya. Yaro yana tafiya, yana wasa da ƙasa a ƙofar gida, sai dai ɗan shekara uku ya yi kama da ɗan shekara ɗaya da rabi, jama'a su ce ai gadon gidansu ne, kakansa ma gajere ne.

Gajarta ita ce ƙaramar hasara. Masana sun tabbatar cewa kwana 1000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar shekara biyu, su ne lokacin da ake gina ƙwaƙwalwa. Jariri yana zuwa duniya da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na girman ƙwaƙwalwar babba, kafin ya cika shekara biyu ta kai kusan kashi uku bisa huɗu ko fiye. Wannan gini yana buƙatar sinadarin ƙarfe, da aidin, da mai, da abinci mai gina jiki irin su madara, ƙwai, wake da nama. Yaron da aka yaye da farau-farau da kunun hatsi tsarkakke zai cika ciki, ya yi shiru, amma ginin ya tsaya. Idan zawo da zazzaɓin cizon sauro na damina suka biyo baya, ɗan abin da ya ci ma ba ya zama a jikinsa. Ya yi jinkirin zama, ya yi jinkirin magana, ba ya da ƙarfin bin abin da ya gani don ya taɓa ya gane. Abin da aka rasa a waɗannan watanni da wuya ya dawo duka, ko da daga baya yaron ya samu tuwo da nama safe da yamma.

Ba zato ba ne. A ƙasar Gwatamala, tsakanin 1969 da 1977, an riƙa bai wa yaran waɗansu ƙauyuka kunu mai madara da sinadaran gina jiki. Da aka bi sawunsu bayan sun girma, rahoton da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2008 ya nuna cewa mazan da suka sha kunun kafin su cika shekara biyu suna samun ladan aiki da ya fi na sauran da kashi 46 cikin 100. A Jamaika kuma, yaran da suka tsumbure waɗanda aka riƙa ziyarta ana koya wa uwayensu wasa da hira da su sun fi takwarorinsu samun kuɗi da kusan kashi 25 bayan shekara 20. Malamin makarantar da ke kukan cewa ɗaliban ajin ƙarshe na firamare a ƙauyukan Gazawa ba su iya karanta layi ɗaya, ya sani cewa wani kaso na jarrabawar an faɗi shi tun yaran suna goye.

Idan ba a manta ba, ƙasar nan ta taɓa samun damar koyon darasi. Fari da farin ɗango sun lalata daminar 2004. Maimakon sassauci, dokar kasafin 2005 ta ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan madara, fulawa, sukari da sauran kayan masarufi, har sai da ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa, ƙarƙashin su Nuhu Arzika, ya rufe garuruwa a watan Maris, aka kulle shugabanninsa, sannan gwamnati ta ja da baya. Buhun hatsi ya haura har ya doshi jika 30, hukuma kuwa ta nace a kan sayar da cimaka a farashi mai rahusa ga mutanen da ba su da ko dala, don wai kada rabon kyauta ya dagula kasuwa. A watan Agusta na shekarar, shugaba Mamadu Tandja ya shaida wa BBC cewa babu yunwa, jama'arsa a ƙoshe suke. A cikin wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu matsananciyar tamowa a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi.

Abin da ya faru bayan haka ya fi ciwo. A 2007, a gundumar Gidan Runji, an raba wa yara kimanin 60,000, ƴan wata 6 zuwa 36, haɗin gujiya da madara kowane wata daga Mayu zuwa Oktoba, wato tun kafin su faɗi. Tururuwar da aka saba gani a cibiyoyin jinya a tsakiyar damina ta ragu. Hujja ke nan, a ƙasar Gobir, cewa rigakafi yana yiwuwa. Sakayyar da aka yi? A watan Yuli na 2008 gwamnati ta dakatar da reshen Faransa na ƙungiyar, bisa zargin yana zuzuta adadi da ƙin aiki da hukumomin lafiya, zuwa Oktoba ya tattara ya bar Maraɗi. Sai bayan juyin mulkin Salu Djibo na 2010 ne kalmar yunwa ta samu izinin fita daga bakin mahukunta.

Tun daga lokacin, waƙar da ake rerawa a tarurrukan ƙara wa juna sani ita ce jahilcin uwaye. Gaskiya ne akwai gyara: zubar da dakashi, ba jinjiri ruwa tun kafin wata shida, yaye na gaggawa da zarar sabon ciki ya shiga. Gaskiya ne kuma binciken 2012 ya nuna macen Maraɗi tana haihuwar ƴaƴa fiye da 8 a matsakaici, kuma galibin ƴan mata ana aurar da su kafin shekara 18, yarinya na goyon yarinya. Amma mai allo da majigi da kuɗin zama ya manta da tambaya ɗaya: da me za ta sayi ƙwan da ake yi mata wa'azinsa? A yankin Agye, inda jama'a suka yi yawa gonaki suka tsuke, gamanar mace, wato ɗan filin da take noma wake da kuɓewa da gujiya don miyar ƴaƴanta, ita ce ta fara salwanta. Waɗansu magidanta sun lulluɓe ƙwacen da sunan kulle. Mai gida ya rufe rumbu ya tafi cin rani, ya bar ta da tiya kaɗan da yara biyar.

Ƴan kasuwa ma ba za su wanke hannu ba. Kowa a Cadawa da Tibiri ya san bashin da talakawa suka raɗa wa suna “a ci ba daɗi”: manomi ya karɓi buhu ɗaya lokacin da rumbu ya ƙare, ya biya ninki da kaka, ko ya sayar da amfaninsa da arha don biyan bashi, ya dawo ya saye shi da tsada a watan bakwai. Riba halal ce, sai dai wanda ya kulle sito yana jiran farashi ya ninka, ya san daga bakin wa aka cire ribar. Haka nan ƙunshin Plumpy'Nut, maganin da ake sarrafawa har a Yamai don yaro mai ja a dantse, ba da ƙafarsa yake zuwa teburin mai shago ba. Wani ma'aikaci ne ya buɗe ƙofa, wani mai saye ya miƙa kuɗi.

Gwamnatocin da suka shuɗe sun iya shela. A 2006 aka ayyana magani kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma kuɗin da baitulmali ya kamata ya mayar wa gidajen likita ya taru ya zama bashin miliyoyi dubbai, kantocin magani suka bushe, uwa ta taka kilomita goma ta karɓo takarda kawai. An sa hannu a Abuja a 2001 cewa za a ware wa lafiya kashi 15 na kasafi, ba a cika ba. An ƙaddamar da shirin 3N a zamanin Mahamadu Isufu, an yi tambari da hukuma, ciyar da yara masu tamowa kuwa ya ci gaba da dogaro da aljihun baƙi. Alhali binciken da aka yi tare da Tarayyar Afirka ya ƙiyasta cewa tamowar yara ta ci wa Nijar kimanin kashi 7 cikin 100 na arzikin da ta samar a 2014, kuɗin da ya fi abin da rigakafin zai ci nesa ba kusa ba.

Tun 2019 kuma, dubun dubatar mutanen da ƴan bindiga suka koro daga Sakkwato, Zamfara da Katsina sun sauka a ƙauyukan Gidan Runji, galibinsu mata da ƙananan yara, suka raba rijiya da ƙwarya da masu masaukinsu. Rumbunan tsimi na mata da aka gwada a ƙauyukan Agye, inda ake ba da rancen hatsi a tsakiyar damina a mayar da kaka, sun nuna hanya mai arha. Hukumomin Agye, Gazawa da Gidan Runji suna da ikon liƙa adadin yaran da suka tsumbure a kowace ƙaramar hukuma a ƙofar ofishinsu, kamar yadda suke liƙa jerin masu bashin haraji, tare da abin da aka ware musu a kasafin bana da ranar da kuɗin ya fita.