Kada mu ƙone abincin gonarmu

Ƴan'uwa manoman Madarunfa, daga Gabi har Ɗan Isa, idan lokacin sharar gona ya zo, hayaƙi muke gani ko'ina. A ganina wannan hasara ce.

Hatsi yana tara ƙarfin rana cikin karansa tun daga shuka har girbi. Idan muka sa wuta, ƙarfin nan yakan fita gaba ɗaya, ya zama zafi da haske. Sinadarin azot, wanda muke saye da tsada cikin buhun takin ure, sai ya bi hayaƙi. Toka kaɗai ke saura, iska kuma ta kwashe ta.

Cikin ramin taki ma zafi yana fita, amma sannu a hankali. Ƙananan halittu ne ke ruɓar da kara da kashin dabbobi, har zafin ya kai digiri 60. Zafin nan yana kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta da dama. Soka sanda cikin ramin: idan ta fito da ɗumi, aiki yana tafiya. Idan ta fito da sanyi, yayyafa ruwa, ka juya.

Bayan kamar wata 3, gona ta samu abinci. Bana mu gina rami, mu ajiye ashana.