ZANCEN WATA: Dajin da ke Bayan Gidanmu

A wannan wata za mu ajiye zancen kuɗin haya da na takardun ofis, mu yi zancen daji. Kada mai karatu ya ce ina ruwan mazaunin New York da daji. Gundumar Bronx, inda mafi yawanmu mu ke zaune, kusan rubu'in ƙasarta filayen shan iska ne da gandun daji, waɗanda Hukuma ta keɓe domin jama'a, ba a biyan ko anini a bakin ƙofa. Amma wanda ya bi turbobin cikinsu ran Asabar zai gamu da kowace irin al'umma, tsofaffi da yara, da ƙyar zai ga ɗan zango. Mu iyakarmu filin Crotona ko na Claremont bayan Salla, a ci shinkafa da wake, a ɗauki hoto, a watse, sai baɗi.

Mun san inda wannan hali ya samo asali. A gida, zamanin Turawa, gandun daji wuri ne na tsoro. Wanda ya shiga da gatari, ko ya kora awakinsa ciki, sai malamin daji ya kai shi gaban shari'a a ci shi tara. Iyayenmu suka ɗauka daji in dai na Hukuma ne, gara a kewaye shi. Sa'an nan waɗanda aka haifa a Nima da Sabon Zango na Ankara, ko a zangon Kumashi, 'yan birni ne tun fil azal, daji a wurinsu na manoma ne da maharba. Amma fa mu tuna, kakanninmu fatake ne. Da ƙafa suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Salaga neman goro, tafiyar watanni. Ita kalmar zango ma, ai sunan wurin da matafiyi kan sauka ne ya huta, domin gobe ya tashi. Mu mun yada zango, mun manta da tashi.

Yadda aka yi Bronx ta sami waɗannan wurare abin sani ne. A shekarar 1881 wani ɗan jarida mutumin Ailan, wai shi John Mullaly, ya tara waɗansu manyan gari suka kafa ƙungiya, suna roƙon Hukuma ta sayi ƙasa a arewacin birni tun ba a cika ta da gidaje ba. Masu suka suka ce ɓarnar kuɗi ce, wurin ya yi nisa, wani yankinsa ma ba a cikin iyakar birni ya ke ba. Duk da haka a 1884 aka yi doka, a 1888 aka karɓi ƙasa fiye da eka 3,000. Daga nan aka sami filaye shida: Van Cortlandt, Pelham Bay, Bronx Park, Crotona, Claremont da St. Mary's. Da an saurari masu suka, da yau benaye ne kurum a wurin. Shi Mullaly kuwa ba mu yabe shi baki ɗaya ba, gama jaridarsa ta zuga mutane a kan baƙar fata zamanin yaƙin basasar Amurka. Saboda haka ne a 2021 Hukumar birni ta sanar za a cire sunansa daga filin nan na kusa da Yankee Stadium, aka kuwa sa na Rabaran T. Wendell Foster, baƙar fata na farko da mutanen Bronx suka zaɓa zuwa Majalisar Birni.

Babban cikinsu shi ne Pelham Bay, eka 2,772, watau ya ninka Central Park fiye da sau uku, gama ita eka 843 ce. Jirgin ƙarƙashin ƙasa lamba 6, in ka bi shi har ƙarshen layi, a bakinsa zai sauke ka. Da yawanmu sun san bakin ruwan Orchard Beach, wanda aka buɗe a 1936, amma kaɗan ne suka san abin da ke gefensa. Daga ƙarshen rairayin ta wajen arewa akwai Hunter Island. Da can tsibiri ne, sai aka cike ruwan da ke tsakani sa'ad da a ke gina bakin ruwan. A ciki akwai turba mai sunan Kazimiroff, wadda ta ratsa ƙarƙashin manyan itatuwa ta fito kan duwatsu a gaɓar teku. Dattijo mai tafiya a hankali zai kewaye ta cikin kamar awa guda. A kan ga barewa, da talo-talon daji, da shaho, da zalɓe a fadama, da mujiya lokacin sanyi.

Wane ne Kazimiroff? Likitan haƙori ne kawai, ɗan Bronx, ba gwamna ba, ba attajiri ba. Tun 1963 Hukuma ta mai da wani yankin filin juji, motoci suna ta zuba sharar birni. Da aka yi shirin faɗaɗa jujin ya cinye fadamun, sai wannan likita da waɗansu mutanen unguwa suka tashi tsaye, suna rubuta takardu, suna halartar taro, ba su gaji ba. A 1967 Magajin Gari John Lindsay ya sa hannu a dokar da ta mai da fadamun da gaɓar Hunter Island hurumi, ba mai taɓawa. Shi jujin ba a rufe shi ba sai wajen ƙarshen shekarun 1970. A 1986 aka sa wa turbar sunan likitan. Abin lura a nan shi ne, wanda ya saba taka wuri da ƙafarsa, shi ke jin zafi ran da aka zo ƙwace shi. Filin da ba mai zuwa, ba mai yi masa kuka.

Na biyu shi ne Van Cortlandt, eka 1,146. Jirgi lamba 1 na kai mutum yammacinsa a titi na 242, lamba 4 kuma na kai shi gabashinsa a Woodlawn. Turbobinsa suna da yawa. Akwai ta John Kieran, gajera ce, ta bi gefen tafki, ta dace da tsofaffi. Akwai ta John Muir, mil ɗaya da rabi, ta ratsa dajin daga gabas zuwa yamma, tana da hawa da gangara, ta samari ce. Akwai wadda ta bi ta kan tsohuwar hanyar ruwan Croton, wadda ta fara kawo wa birnin ruwan sha a 1842 daga nisan mil 41. Akwai kuma ta Putnam, tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ce da aka daina ɗaukar fasinja a kanta a 1958, aka shimfiɗa mata kwalta a 2020. Shimfiɗaɗɗiya ce, mai keke da mai tura jariri da mai sanda duk suna iya bin ta.

Wannan turba ta Putnam ba ta tsaya a iyakar birni ba. Da ka ƙetare sai ka shiga gundumar Westchester, can Hukumar gundumar ce ke lura da ita, ta bi ta gefen filin Tibbetts Brook a Yonkers, ta yi ta tafiya arewa fiye da mil 40. Amma a lura, filayen Westchester na gundumarsu ne, waɗansu abubuwan ciki, kamar wurin wanka, sai mazaunin can mai katin shaida. Ita turbar kuwa ta kowa ce.

Akwai wani abu a Van Cortlandt da ya kamata kowane ɗan zango ya kai 'ya'yansa su gani. Wurin da can gandu ne na wani gidan attajirai, bayi 'yan Afirka ne ke noma shi. Tsohon gidan dutsen nan da aka gina a 1748, wanda ya fi kowane gida a Bronx daɗewa, da guminsu aka tā da shi. Kusa da tafkin akwai inda aka binne su, shekara da shekaru ba alama ko ɗaya, mutane suna wucewa ba su sani ba. Sai ran 19 ga Yuni 2021 aka yi taro aka keɓe wurin a matsayin makabartarsu. Yaron da ya tsaya a nan zai gane mutanen ƙasarsu sun riga shi taka wannan ƙasa da ɗaruruwan shekaru, ba zai ƙara jin shi baƙo ne a dajin ba.

Mu zo kan lafiyar jiki, gama ita ce babbar magana. Yawancinmu aikin zama mu ke yi. Mai tasi yana kan kujera tun asuba har dare, akawu yana gaban tebur, mai gadi yana bakin ƙofa, mai kitso tana kan benci. Ga tuwo da mai da shayi mai sukari. Kowa ya san yadda hawan jini da ciwon sukari su ke kā da mutanenmu tun ba su tsufa ba, ba watan da zai wuce ba a tara kuɗin jinya ko na kai gawa gida ba. Yaranmu kuma, waɗanda ke kwana kusa da babbar hanyar Cross Bronx, suna shaƙar hayaƙin manyan motoci, ciwon asma ya yi musu yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, watau rabin awa sau biyar. Tafiya da ɗan sauri ta isa. Rigakafi ya fi magani, wannan kuwa rigakafi ne da ba ya cin kuɗi sai na jirgi.

Ga waɗansu ƙa'idodi domin kada a ji kunya. Ba a tsinkar ganye, ba a saran sassaƙe ko tonon saiwa, ko da mutum ya ga abin da ya yi kama da maganin gida. Ba a hura wuta sai a wuraren gashi da aka keɓe. An hana shan taba a filayen birni tun 2011. In taro zai wuce mutum 20, tilas a nemi takardar izini daga ofishin filaye tun da sauran kamar wata guda. A sa dogon wando da safa saboda kaska, gama ta nan ƙasar tana sa wani ciwo da a ke kira Lyme, in an dawo gida a duba jikin yara. A guji wata ciyawa mai ganye uku-uku, ƙaiƙayinta ya yi na karara. A tafi da ruwa, a tafi cikin jama'a, a fito kafin magariba. Akwai kuma ma'aikata masu kaki da a ke kira Urban Park Rangers, waɗanda aka kafa a 1979. Waɗannan ba irin malamin daji na da ba ne. Aikinsu su zaga da mutane kyauta, suna nuna musu tsuntsaye da itatuwa.

Roƙonmu biyu ne. Na farko, shugabannin ƙungiyoyinmu na maza da na mata su tsai da Asabar ɗaya a kowane wata, a haɗu a tashar jirgi da hantsi, a bi turba ɗaya, dattawa a gaba, yara a tsakiya. A fara da ta Putnam domin sauƙinta. Na biyu, Bronx tana da majalisun unguwa 12, ana zancen filaye a zamansu, ƙofa kuwa a buɗe ta ke ga kowa. Shekaru da yawa kuɗin da birni ke ware wa filaye bai kai kashi 1 cikin 100 na kasafinsa ba, unguwar da ta yi shiru kuwa ita a kan bari da fitila matacciya da bayan gida a kulle. Harajinmu na ciki, saboda haka ya kamata a ga hula da gyale a wurin zaman. Muna da samari masu Turanci a baki, a tura biyu ko uku su zauna da sunan zango.

Wanda ya je, ya rubuto mana abin da ya gani, mu buga a fitowa ta gaba domin waɗansu su ƙaru. Gani ya kori ji. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Sai wata mai zuwa.