Wasiƙa Zuwa Ga Masu Hasashen Dambe Na Gyaɗi-Gyaɗi Da Tarauni

Zuwa ga yayyena da ƙannena masu hasashen wasan dambe, na gargajiya da na keji wanda ake kira MMA,



 Dalilin wannan takarda shi ne in yi magana da ku a kan sana'ar da ta haɗa mu. Da gangan na kira ta sana'a, ko da yake yawancinmu ba da ita muke cin abinci ba. Duk wanda zai zauna a teburin mai shayi a Court Road, ko a rumfar masu gyaran waya a Farm Centre, ko a bakin kasuwar Tarauni, ya ce wane zai kashe wane ranar Asabar, jama'a kuma su yi tsit su saurare shi, to ya ɗauki amana. A da maganar a benci ɗaya take ƙarewa. Yanzu da waya ta shigo hannun kowa, kafin shayi ya huce ta kai Maraɗi da Kumasi.

Bari in fara da abin da ya same ni. A watan Agusta na 2022, mako guda cur na yi ina gaya wa duk wanda ya tambaye ni cewa Kamaru Usman zai ci Leon Edwards, ko tantama babu. Ina da hujjata. Kamaru, haifaffen Auchi, ya ci wasa 15 a jere a gasar damben keji ta UFC, ya kare kambunsa sau 5, kuma ya taɓa cin wannan Edwards ɗin a 2015. Aka shiga keji a Salt Lake City ta Amurka, mu a nan da asubahin Lahadi. Turmi huɗu suka wuce, alƙalan maki su uku kowannensu ya ba Kamaru turmi uku. Saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, Edwards ya yi kamar zai kai naushi da hagu, Kamaru ya kauce da kansa, sai ƙafar hagu ta tarbe shi. Nan ya kwanta. Da hantsi wani yaro da yake zama a majalisarmu ya tare ni, ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce, "Yaya, ai ka ce babu tantama." Har yau ina jin wannan magana a kunnena.

Yaron yana da gaskiya. Na karanta minti 24 na wasan daidai, amma na yi alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Da na ce masa, "In aka yi wasan nan sau goma, ina ganin Kamaru zai ci bakwai ko takwas, kuma hanyar Edwards ita ce ƙafar hagunsa," da na faɗi gaskiya ko ta ina wasan ya ƙare. Wannan ita ce shawarata ta farko gare ku: ku auna maganarku da mudu. Ku faɗi wanda kuke ganin ya fi rinjaye, ku faɗi girman rinjayen, ku nuna ƙofar da ɗaya zai iya shigowa. Wanda ya saba zuwa gidan dambe na Ado Bayero Square a Sabon Gari ya san wannan tun kafin UFC ta iso wayoyinmu. Mutum zai wahalar da abokin karawarsa turmi biyu, a na uku naushi ɗaya ya sa hannunsa ya taɓa ƙasa, an yi kisa. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Abu na biyu, ku dubi salo kafin suna, ku dubi salo kafin jiki. Hausawa sun ce alamar ƙarfi tana ga mai ƙiba, amma ku lura, alama suka ce. A gasar UFC ta farko, a Denver cikin Nuwamba 1993, wanda ya cinye shi ne Royce Gracie na Burazil, siriri a cikin ƙarti. Ya riƙa kai su ƙasa yana danne su ko yana shaƙe su har su sallama, domin yawancinsu tsaye kawai suka iya faɗa. Tun daga ranar tambayar farko a damben keji ba ta canza ba: a ina za a yi faɗan, a tsaye ko a ƙasa, kuma wa yake da ikon zaɓa? Gwanin naushi da shuri wanda bai iya hana a kayar da shi ba, rabin makamansa a waje ya baro su. A damben gargajiya ma haka lissafin yake. Dogo yana son tazara, gajere yana son ya kutsa ciki. Wani da ƙafa yake buɗe hanya, wani sai ya jira ka kawo ya mayar. Bahago kuwa, ko a fili ko a keji, yana rikita wanda bai saba da shi ba, domin duka yana zuwa ta inda ido bai saba tsaro ba. Edwards bahago ne. Na san haka, amma ban ba shi nauyin da ya kamata ba.

Abu na uku, ɗan damben jiya ba lalle shi ne zai shigo fili yau ba. Ku tuna Francis Ngannou, mutumin Batie ta ƙasar Kamaru, wanda ya yi aikin haƙar yashi yana yaro, ya ratsa Najeriya da Nijar da Aljeriya da Maroko kafin ya kai Turai. A Janairun 2018 Stipe Miocic ya yi ta kayar da shi har turmi biyar, numfashi ya ƙare masa tun da wuri. Wanda ya tsaya a kan wannan hoton ya yi kuskure a Maris 2021, lokacin da Ngannou ya dawo da natsuwa, da kokawa a ƙafafunsa, Kamaru Usman yana kusurwarsa, ya kwantar da Miocic a turmi na biyu. A Janairun 2022 kuma da kokawa ya ci Ciryl Gane, abin da kusan babu wanda ya zata. Haka Israel Adesanya, haifaffen Legas. Alex Pereira ya ci shi sau biyu a damben naushi da shuri, ya ƙara cinsa a keji a Nuwamba 2022, amma a Afrilun 2023 Adesanya ya kwantar da shi a turmi na biyu. Mutum yana koyo, mutum kuma yana tsufa. Ku riƙa tambaya: shekarunsa nawa yanzu, wa yake horar da shi, duka nawa kansa ya sha, me ya gyara tun faɗuwarsa ta ƙarshe?

A nan gida wannan tambaya ta fi nauyi. 'Yan dambenmu suna yawo daga gida zuwa gida, yau Kano, jibi Dei-Dei a Abuja, wani makon Legas, wani lokaci su ɗaura zare fiye da sau ɗaya a mako. Ba a buga labarin raunin kowa a jarida. Hannun da ya kumbura, haƙarƙarin da ya sha duka, dare biyu a mota, duk suna shiga fili tare da mutum. Wanda yake son ya yi hasashe mai ƙwari sai ya taka da ƙafarsa, ya isa fili da wuri, ya ga yadda ake ɗaure hannu, ya ga tafiyar ɗan wasa da yadda yake sauke numfashi. Gani ya kori ji. Gajeren bidiyon kisa da ake yaɗawa a Facebook da TikTok daƙiƙa ashirin ne da aka tsamo daga rayuwar mutum, ba ya nuna ranar da ya gaji ko ranar da aka raba su babu kisa.

Ku kula kuma da abubuwan da suke kewaye da wasan. A Yunin 2015 Cain Velasquez, wanda aka sani da ba ya gajiya, ya je birnin Meziko mai tudun da ya haura mita 2,000. Fabricio Werdum ya riga shi zuwa da makonni, jikinsa ya saba da ƙarancin iska. Velasquez ya galabaita, aka shaƙe shi a turmi na uku. Akwai kuma awon nauyi da ake yi kwana ɗaya kafin wasa, inda mutum yake matse ruwan jikinsa don ya shiga kilo 77 ko 84. Ku dubi fuskarsa a kan sikeli, idon da ya faɗa da kumatun da suka zurma suna ba da labari. Nauyi shi kansa ma hujja ne: da Adesanya ya hau rukunin kilo 93 a Maris 2021, Jan Blachowicz ya danne shi da jiki a turmi biyu na ƙarshe ya ci. A filinmu kuwa zafin Afrilu, da laushin yashi, da wasan da ya zo jim kaɗan bayan azumi, duk abin sakawa a lissafi ne.

Abu na huɗu shi ne mafi wuya, wato so. So hana ganin laifi. Kowannenmu yana da ɓangare, wani Kudu, wani Arewa, wani Guramaɗa, kuma duk ranar da ɗan Najeriya ya shiga keji zuciyarmu tana tare da shi. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka sa wa fatanka rigar hasashe. A Satumba 2023 a Sydney, da wuya ka sami mutum ɗaya a unguwar nan da ya ba Sean Strickland ko ƙwayar dama, sai ga shi ya bi Adesanya turmi biyar yana matsa masa, ya karɓe kambun da maki. Makaɗi yana da aikinsa. Makaɗi Ɗan Anace ya ɗaga ɗan dambe Shago har sunansa ya zarce zamaninsa, kuma kalangu da kirari su ne gishirin fili. Amma makaɗi zuga yake yi, kai kuwa awo kake yi. In ka ji zuciyarka ta rinjayi idonka, ka fito fili ka ce, "Wannan nawa ne, fata nake yi masa." Mutane za su ƙara ganin girmanka.

Abu na biyar, ku rubuta. Kowa ya nemi ɗan littafi. Kafin wasa ka sa kwanan wata, da sunayen biyu, da wanda ka zaɓa, da dalilinka a layi biyu, da yawan ƙarfin gwiwarka cikin goma. Bayan wasa ka koma ka rubuta abin da ya faru. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana adana ranakun da ya dace, tana zubar da sauran. Littafi ba ya yi wa kowa kara. Bayan wasa 50 za ka ga inda idonka yake da kaifi da inda yake yaudararka. In ka ce takwas cikin goma sau da yawa amma rabi kawai kake dacewa, ka san bakinka ya fi saninka gudu. In kuma ka kuskure, ka riga kowa faɗa, a wurin da ka yi maganar farko.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. 'Yan'uwa, kada ku bari a mayar da iliminku tsanin caca. Na san ana zuwar muku a ɓoye ana cewa, "Malam, ba ni wanda yake tabbas." Babu tabbas a dambe, wanda duk ya sayar da shi ƙarya ya sayar. Allah ya hana caca a Suratul Ma'ida, kuma a 2024 mun ga Hisbah tana rufe shagunanta a Kano, amma shagon ya koma cikin waya, inda uba ba ya gani. Yaron da ya zuba kuɗin makarantarsa ko jarin ubangidansa a kan maganarka, kana da kamasho a hawayen mahaifiyarsa. Can inda caca take halal a dokarsu ma ta ɓata wasan. A ƙarshen 2022 UFC ta hana 'yan wasanta yin caca a kan wasanninta, ta kuma nisanta kanta da mai horarwa James Krause bayan an ga kuɗi suna kwarara ta hanyar da ta jawo zargi a wasan wani ɗan wasansa. Ranar da kuɗin caca suka yi yawa a gefen filin dambenmu, ranar za a fara faɗuwar ganganci, kuma daga nan babu sauran abin hasashe. Haka nan kada ku yarda a ɗauke ku masu duba. Gobe ta Allah ce. Mu dalilai muke tarawa mu auna, shi ya sa "in Allah ya so" a bakinmu ya zama da gaske muke faɗarsa.

Daga ƙarshe, ku kiyaye mutuncin wanda ya faɗi. Mu a benci muke, shi ne ya ɗaura zare ya shiga. Wasan da mahauta suka gada suka riƙe shi da kaka tun kakanni, yau samari ne suke ciyar da iyaye da 'ya'ya da shi, ba su da inshora, ba su da fansho. Kada ku mayar da kisan mutum abin dariya don neman mabiya. Tunda ana jin maganarku, ku yi amfani da ita ku nemi a ajiye ma'aikacin lafiya a kowane gidan dambe, a hutar da wanda ya suma kafin ya sake shiga fili, a daina haɗa yaro da wanda ya ninka shi. Asibitin Malam Aminu Kano yana nan kusa da mu a titin Zariya, kada ya zama can ne kawai muke tuna cewa ɗan dambe mutum ne.

Ina roƙonku, kafin wasan Asabar mai zuwa kowa ya buɗe littafinsa. Ka faɗi abin da ka gani, ka faɗi iyakar saninka, ka bar wa Allah sauran. Allah ya tsare 'yan dambenmu, ya tsare harsunanmu, ya raba yaranmu da caca.

Wassalam.

Naku,
Ɗan'uwanku a majalisa,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.