Ra'ayinmu: An yi wa saniya lamba, ina ta ɗan mai saniya?

Duk makiyayin da ya haura shekara hamsin yana tune da bushiya. Ita ce ta share garkuna a ƙasashen nan wajen 1890, ta kuma dawo a farkon shekarun 1980 ta bar magidanta da sanda ba abin kiwo. Ba addu'a kaɗai ta kore ta ba, malaman dabbobi ne suka bi shanu rijiya rijiya, mashekari mashekari, suna yi musu allura suna huda kunne don shaida, har a 2011 aka bayyana cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya. Saboda haka ba wanda zai koya wa Bafillace ko Buzu ko Balaraben daji amfanin rigakafi. Tambayar da muke yi ita ce, me ya sa motar da ta san hanyar garke ba ta san hanyar bukkar da ke gefen garken ba?

Allurar yara tana tafiya ne da kwanaki. Ranar haihuwa, ko cikin kwanakin da ke biye, ana yi wa jariri ta tarin fuka a hannu, a ɗiga masa ta shan inna a baki. Da ya cika sati 6 sai a fara wadda ta haɗa cututtuka biyar, cikinsu har da mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙe haƙora da ciwon hanta, tare da ta ciwon huhu da ta zawo. A koma a sati 10, a sake komawa a sati 14. A wata 9 sai ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau, sannan a maimaita ta ƙyanda cikin shekara ta biyu. Daga 2024 an ƙara ta zazzaɓin cizon sauro a wasu gundumomi na Kamaru da Nijar da Cadi. Dukkan waɗannan kyauta ne a asibitin gwamnati, kada wani ya karɓi ko dala a hannunku.

To, wanda ya tsara wannan lissafi ya yi shi ne da matar da ke zaune cikin gari, wadda asibiti ke bayan gidanta. Yaron da aka haifa a arewacin Abalak da damina, kafin ya cika sati 14 iyayensa sun ɗaure kaya sun nufi kudu, ran da ya cika wata 9 kuwa wataƙila yana cikin dajin Nijeriya ko Benin. Ko uwa ta daure ta yi tafiyar yini a kan jaki, sai ta tarar ba ranar allura ba ce. Kwalbar ƙyanda ta yara goma ce, in an buɗe ta kuma ba ta wuce awa shida, don haka wani malamin asibiti sai ya ce ta dawo ran da yara suka taru. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a buɗe ko don yaro ɗaya. Matar da aka mayar sau ɗaya da wuya ta sake zuwa, kuma ba mu ga laifinta ba.

Akwai abin da muke so kowace uwa da kowane uba su riƙe. In yaro ya sha allurar farko kuka tashi, ba a sake lissafi daga tushe. Ko an yi wata biyar, duk asibitin da kuka tarar a kan hanya yana iya ɗorawa daga inda aka tsaya, muddin kuna riƙe da takardar yaron, wadda muke kira karne. A naɗe ta cikin leda a ajiye tare da takardun shanu. Yaron da ya wuce shekara ba a taɓa yi masa ba, shi ma a kai shi. Mashaƙon da ya ɓarke a Kano da Matamaye a 2023 ya fi cin yaran da suka tasa, waɗanda ba a yi wa allura suna jarirai ba.

Bayan yara, wadda ta fi shiga hatsari a ruga ita ce mai ciki. Ƙwayar sarƙe haƙora tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, wato inda muke kwana muke tashi. In aka yanke cibiya da reza marar tsabta, jariri yakan daina kama nono ya sandare, sau da yawa daidai kwanakin suna, a ce iska ce ta taɓa shi. Allurar da aka yi wa uwa tana kare abin da ke cikinta: ta farko da zarar ta je awo, ta biyu bayan sati huɗu. In ta cika biyar cikin ƴan shekaru, ta samu kariya har ƙarshen haihuwarta. Maigidan da ke hana matarsa zuwa don kunya ko don wa zai yi tatsa, ya lissafa kuɗin da yake kashewa a kan saniya mai ciki.

Ƴan uwanmu fatake da dillalai, ku ma kuna cikin lissafi. Wanda ke kwana a kasuwar Tawa yau, jibi yana Illela, mako mai zuwa yana Legas cikin cunkoson mota, shi sanƙarau ke nema da rani. A annobar 1996 zuwa 1997 ta kama mutum fiye da 250,000 a Afirka, ta kashe wajen 25,000. Allurar da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ga masu shekara 1 zuwa 29, ta karya irin da ya fi ɓarna a lokacin, amma a 2015 wani iri daban ya kama fiye da mutum 8,000 a Nijar. A 2024 aka fara amfani da sabuwa mai tare iri biyar, a Nijeriya sannan a Nijar. In kun ji shelarta, kada ku ce ai an yi mini a baya. Ta shawara kuwa sau ɗaya ce a rayuwa, kuma takardarta mai ruwan ɗorawa ita ake tambaya a iyaka. Maniyyaci aikin hajji shi ma sai da ta sanƙarau zai shiga Saudiyya. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 a nufi asibiti ranar, domin haukan kare in ya bayyana a jikin mutum ba ya jin magani.

Abin da muke nema daga hukuma ba sabon abu ba ne, an gwada shi a Cadi. Binciken da aka yi cikin makiyayan Shari-Bagirmi da Kanem wajen shekarar 2000 bai sami yaro ko ɗaya da ya cika allurarsa ba, alhali shanu da yawa an yi musu tasu. Sai aka haɗa malaman dabbobi da malaman asibiti a mota ɗaya, da akwatin ƙanƙara da mai. Daga 2000 zuwa 2005 an yi wa dabbobi kusan 150,000, yara fiye da 4,600 suka cika tasu, mata fiye da 6,000 suka sami ta sarƙe haƙora aƙalla sau biyu, ɓangaren lafiya kuma ya rage kashe kuɗi da wajen kashi 15 cikin ɗari. Makiyayi ya riga ya yarda da malamin dabbobi, wanda ya zo tare da shi ba baƙo ba ne.

A nan Nijar duk shekara ana fita yi wa shanu allurar ciwon huhu, awaki da tumaki kuma ta annobarsu. Muna kira ga ma'aikatar kiwo da ta lafiya su zauna su fid da jadawali ɗaya. Zuwa Ingal lokacin bikin lasar gishiri a watan Satumba yana da kyau, amma zuwa ɗaya a shekara ba ya cika allurar da ake yi sau uku da tazarar sati huɗu. Sai an bi sawu zuwa rijiyoyi da manyan kasuwanni irin Abalak da Dakoro da Tanut, a kuma sanar da rana ta gidajen rediyon karkara cikin Fulatanci da Tamashek da Hausa. Arɗo-arɗo da shugabannin tashar shanu su ne suka san inda kowane gida zai sauka wata mai zuwa, a tambaye su tun kafin mota ta tashi, kuma a tabbatar wa jama'a cewa mai rubuta sunan yaro ba ƙidayar haraji ya zo yi ba.