Hanyar Ƙanƙara Zuwa Sheme: Ƙofar Makarantunmu

Hanyar da ta tashi daga Ƙanƙara ta ratsa Ruwan Godiya ta faɗa Sheme, inda ta haɗu da babban titin Funtuwa zuwa Gusau, gajera ce. Amma ita ce ta ɗaure Ƙanƙara da ƙasar Faskari, kuma daga nan matafiyi kan gangara Funtuwa ya bi ta Dandume ya isa Sabuwa. Tun kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 manoman masara da auduga da fataken dabbobi suke bin ta zuwa kasuwar Sheme. Mu ma malamai ita muke bi zuwa makarantun ƙauyukan da aka tura mu.

Tarihinta na baya-bayan nan mai ɗaci ne. A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida. A ƙarshen Agusta, 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar, ta ce su zaga ta Funtuwa. Ba da jimawa ba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu uku.

Dokar ta bar masu motar kansu su wuce. To, malamin firamare nawa ne ke da motar kansa? Wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ina zai samo kuɗin zagaye ta Malumfashi da Funtuwa? Ranar da aka rufe hanya ga motar haya, a ranar aka rufe aji, ko da ba a sa wa ƙofarsa kwaɗo ba. Yaron da ya zo ya tarar babu malami sau uku, a na huɗu gona uban zai tura shi.

Mun yaba da kafa rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Radda ya yi a 2023. Sai dai muna kira ga gwamnati da hukumar SUBEB da sakatarorin ilimi kan abubuwa uku. A tsayar da sintiri a wannan hanya a lokutan tafiya makaranta da tashi. A ware alawus na musamman ga malaman da ke koyarwa a ƙauyukan bakin daji. Sannan a fifita 'yan asalin kowane gari masu takardar NCE wajen ɗaukar aiki, domin ɗan gari ba ya jiran mota kafin ya shiga aji.

Mu kuma, 'yan'uwa malamai, kowane shugaban makaranta ya rubuta kwanakin da hanya ta hana karatu a zangon nan, ya miƙa wa sakataren reshe. Da wannan lissafi za mu zauna da hukuma.